Ka Sayi Gero Da Kaka, Ka Kai Shi Da Damina

Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin lafiya a ƙananan asibitocin karkara, yawanci a gabashin jihar nan ta Sakkwato, kafin in ajiye aiki in zauna a unguwar Mabera cikin birni. Tun daga lokacin, mutane iri biyu ke yawan yi mini tambaya guda: ta yaya za su taimaki masu fama da yunwa a nan? Akwai ƙanena da ke aiki a Jidda, da abokansa 'yan Sakkwato da neman abinci ko karatu ya kai su Ingila da Malesiya da Amurka. Akwai kuma baƙin da aiki ya kawo garinmu: malaman jami'a, likitoci, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, injiniyoyin kamfanin siminti na Kalambaina. Wata 'yar ƙasar Masar da muka yi maƙwabtaka, matar wani malamin jami'a, ta taɓa riƙe hannuna ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Hajiya, ina ganin mutane suna jin yunwa, ban san ta ina zan fara ba." Ita da ƙanena halinsu ɗaya. Suna da abin bayarwa, suna da niyya, amma ba sa ganin cikin gidaje, ita don baƙunta, shi don nisa.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. A rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019, Sakkwato ce ta zo kan gaba, da mutum sama da 87 cikin kowane 100. A rahoton 2022, wanda ya haɗa da lafiya da ilimi da ruwan sha, mun haura kashi 90. Duk wannan kafin a cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kafin kuma a rufe iyakar Illela na tsawon watanni bayan juyin mulkin Nijar. Idan mutum tara cikin goma na cikin buƙata, kuɗinka ba zai isa kowa ba, don haka dole ka san wa za ka ba, da yaushe, da ta hannun wa.

Azumin farko da ƙanena ya turo kuɗi mai kauri, na sayi shinkafa da sukari, na ce a sanar a unguwa kowa ya zo ƙofar gida ya karɓa. Kafin hantsi layin ya cika ya batse da mutanen da ban taɓa gani ba. Masu ƙarfi suka karɓa sau biyu. Wata tsohuwa ta faɗi aka taka mata hannu, ni na ɗaure mata shi ina hawaye. Da yamma na zauna na yi lissafi, na ga gidaje ukun da na fi sanin halin da suke ciki babu ko mutum ɗaya da ya zo daga cikinsu. Da na ji labarin turmutsitsin rabon abinci na watan Disambar 2024 a Ibadan da Abuja da Okija, inda mutane da dama suka rasu har da yara, wannan tsohuwar na tuna. Kada ka tara mutane a ƙofa, kada kuma ka yi shela.

Wanda yunwa ta fi ci a Sakkwato sau da yawa ba ya fitowa. Matar da ke takaba ba za ta bi layi ba. Dattijon da ake gaisarwa a masallaci ba zai miƙa hannu gaban 'ya'yan cikinsa ba. Matar da mijinta ya tafi ci-rani Legas ya daina aike tana rufa masa asiri ne, ko 'yan uwanta ba ta gaya wa. Na shiga gidan da uwa ke ɗora tukunya da ruwa zalla a murhu, don yara su yi barci suna sa rai, maƙwabta kuma su ga hayaƙi.

To ta yaya za ka same su? Ka fara da mai unguwa da liman, domin girmamawa ce, kuma su ne za su tsaya maka idan wata magana ta taso. Amma kada jerin sunayenka ya fito daga baki ɗaya, ko bakin wane ne. Akwai mutanen da sana'arsu ke nuna musu cikin tukunyar kowa. Mai injin niƙa ya san gidan da yarinyarsu ke kawo tiya biyu kullum, yanzu ta koma kawo rabi, ko ta kwana uku ba ta zo ba. Mai shago da mai awo suna da littafin bashi. Ungozoma ta san mai jegon da ba ta da ruwan nono. Malamar Islamiyya ta san yaran da ke gyangyaɗi a aji tun da safe. Ka sa amintaccenka ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a zama guda ba. Gidan da sunansa ya fito daga baki biyu ko uku, da shi za ka fara. Kuma lallai a samu mace cikin masu wannan aiki, don namiji iyakarsa zaure. Garin nan ya daɗe da sanin haka: Nana Asma'u 'yar Shehu ta hannun jajis ɗinta, wato malamai mata na ƙungiyar 'Yan Taru, ta kai ilimi ga matan ƙauyuka, mata suna shiga wurin mata.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce na fi so ka riƙe. Yawancin taimako da azumi yake zuwa, kuma lada ce babba, ba na hana ta. Sai dai a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen hunturu da farkon bazara, lokacin da ƙaramin manomi yake da ɗan saura a rumbu. Yunwar gaske tana zuwa daga Yuni zuwa Agusta. Rumbu ya ƙare, sabon gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada a kasuwa, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa suna kama yara. A lokacin ne ake dafa tafasa da rama a kwaɗa da ɗan ƙuli, a sha ruwa a kwanta. Kuma a lokacin ne wayoyin masu taimako suke yin shiru.

Ga abin da yunwar damina ke yi wa manomi, na gan shi shekara da shekaru. Gonarsa tana buƙatar noma, amma babu abin da za a ci yau. Sai ya bar tasa ya tafi ƙwadago a gonar mai hali don ya samo na tuwon dare. Ciyawa ta cinye tasa gonar. Ko kuma ya ci bashin buhu ɗaya a kan zai biya fiye da haka da kaka. Idan kaka ta zo, amfanin ya yi kaɗan, mai bashi ya kwashe nasa, sauran ya sayar da araha don biki ko magani, rumbun baɗi ya ƙare tun kafin na bana. Buhun geron da ya shiga gidan nan a watan Yuli yana ciyar da iyali, yana kuma tsayar da maigida a gonarsa. Wannan buhun ya fi buhu biyu na watan Disamba amfani.

Saboda haka ka turo kuɗinka da kaka, Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gero da dawa da wake suka cika kasuwa. A sayo a Achida ko Bodinga ko Illela, ko nan cikin gari a kasuwar Kara. Ka tura wanda ya san awo, wanda zai zura hannu cikin buhu ya duba tsakuwa da ƙaiƙayi da danshi. Buhu babba yakan ɗauki kimanin tiya 40. A jera buhunan a kan katako, nesa da bango, a ɗaki mai iska wanda ba ya yoyo. Wake shi ne mai wuyar ajiya saboda ƙwari; a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, a matse iska a ɗaure kowace leda daban, ba sai an sa masa maganin ƙwari ba. Akwai shekarar da farashi ba ya tashi sosai da damina, kada wannan ya dame ka, ba riba muke nema ba. Ko hatsi ya yi araha, wanda ba shi da ko sisi a watan malka ba zai iya saye ba.

A ƙiyasina, gida mai mutum bakwai ko takwas yana cin tiya ɗaya da ɗan ƙari a rana, wato buhu ɗaya wata guda da 'yan kwanaki. Buhu uku na gero da rabin buhun wake za su fitar da su damina. Ni dai na gwammace ka riƙe gida biyar wata uku cur da ka ba mutum ɗari abincin yini ɗaya. Na san wasu ba za su yarda da ni ba, za su ce a yaɗa alheri kowa ya ɗanɗana. Amma na ga duka biyun, kuma gidan da aka riƙe har gero ya nuna shi ne na ga ya miƙe.

Kada a kai buhu uku rana ɗaya. Hatsi mai yawa yana jawo dangi da masu bin bashi, kuma mutanenmu ba su iya hana wanda ya roƙa ba. A kai na mako biyu biyu, bayan isha'i, a hannun yaro mai hankali ko mace, kamar saƙon 'yan uwa. A haɗa da ɗan kuɗin cefane. Gero ba ya zama tuwo sai da kuɗin niƙa da icce da gishiri da kuka da daddawa da ɗan mai. Idan babu, za a ɗebi geron a sayar da asara don a saye su. Wata hanya da nake so ƙwarai ita ce a je wurin mai shago a biya bashin gidan, a ce masa ya soke kawai. Wata tsohuwa da aka yi wa haka ta zo ta same ni tana cewa, "Ɗiyata, an ce an biya, ban san wa ab biya ba, Allah dai shi biya shi." Har yau ba ta sani ba, kuma tana gaishe ni kai a ɗage.

A watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, ka tambaya ko gidan suna da irin shuka. Da yawa sukan cinye shi da bazara.

'Yan gudun hijirar da suka taso daga Sabon Birni da Isa da Rabah da sauran wuraren da 'yan bindiga suka hana noma, nasu daban ne. Da yawa suna cikin kangaye a gefen gari, wasu sun raɓe a gidajen dangin da su ma ba su da shi. Su ba rumbu suke jira ba, yunwarsu ta shekara ce gaba ɗaya, kuma sukan iso ba tukunya ba tabarma. A fara da tukunya da bokiti da gidan sauro da bargo, sannan hatsi. Gidan da ya sauke su ma a sa shi cikin lissafi. Almajirai kuwa, maimakon canjin da ake miƙawa ta tagar mota, a je wurin malaminsu a ɗauki nauyin tukunyar abinci ko da sau biyu a mako, da sabulu, da bargo idan hunturu ya shigo.

Yanzu maganar yara, inda aikina yake. Tamowa ba a warkar da ita da buhun shinkafa. Idan yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 ya rame, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa sun kumbura har idan an danna da yatsa wurin ya lotsa, asibiti za a kai shi a ranar. Muna auna damtse da wani ɗan tef mai launi uku. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari. Akwai cibiyoyin da ke ba da abincin magani na gyaɗa da madara kyauta, kowane ƙunshi da kalori 500, kuma katan ɗaya mai ƙunshi 150 yakan isa jinyar yaro guda. Abin da ke hana uwa zuwa ba kuɗin magani ba ne. Kuɗin mota ne, da abin da ita za ta ci idan an kwantar da su, da wanda zai ciyar da sauran yaran da ta bari a gida. Nan ne kuɗinka zai yi aiki. Ka biya motar zuwa da ta komawa kowane mako har a sallame su. Idan ka ga ana sayar da wannan abincin maganin a kasuwa kada ka saya, na wani yaro ne aka karkatar.

Don rigakafi, a yi garin kunu a gida: awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa tare. Mata biyu za su iya yi wa unguwa guda, ka biya su ladan aikinsu. Ina roƙon masu turo kaya daga waje, kada ku aiko da madarar gwangwani ta jarirai. Inda ruwan sha ba shi da tsabta, gudawa take jawowa, kuma idan ta ƙare nonon uwa ya riga ya ragu. Jariri nono zalla yake buƙata har wata shida. Uwar za a ciyar. Kuma idan aka ga gyambo a dasashin yaro mai tamowa, yana wari, kumatu ya kumbura, a garzaya. Cutar noma ce ake tsoro, mai cin naman fuska cikin 'yan kwanaki. A nan Sakkwato akwai asibitinta na musamman tun 1999, wanda ƙungiyar likitocin MSF ke tallafa wa tun 2014, kuma ba a biyan kuɗi.

Kuɗi yana ɓata zumunci idan ba a yi shi a fili ba. Ka faɗa wa wanda ka tura wa dalla-dalla: wannan na gida ne, wannan sadaka ce, wannan zakka ce. Zakka tana da mutanenta guda takwas da lokacinta, ka tambayi malami kafin ka jinkirta ta. Sadaka ce kake da ikon ajiyewa zuwa damina. Mutum biyu su riƙe aikin, ɗaya kuɗi ɗaya mabuɗin ɗakin ajiya, da littafi guda da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ka yanka wa mai yi maka zirga-zirga ladansa a bayyane, da kuɗin mai. Wanda ka ɗora wa amanar buhu ashirin alhali gidansa babu tiya ɗaya, ka sa shi cikin jarrabawa. Ka fara da gidansa.

Ƙanena ya taɓa cewa, "Yaya, ki ɗauko mana hoto mana, abokaina su gani su ƙara." Na ce masa, "Zan turo maka hoton buhu da rasit da shafin littafi. Fuskar mutane kuwa, a'a." Yana da haƙƙin ya san inda kuɗinsa ya shiga, amma matar da ta karɓi tiya biyar ba ta sayar mana da mutuncinta ba, kuma hoton da ya hau Facebook 'ya'yanta za su girma su tarar da shi. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Abokan nasa ba su daina turowa ba.

Kai kuma baƙon da ke zaune cikinmu, ko kai ɗan gari da baƙo ya nemi shawararka, a fara da na kusa. Mai gadi, direba, mai wanki, mai kawo ruwa, kowannensu akwai baki goma a bayansa, wasu a ƙauye. A biya su albashi mai kyau a kan lokaci, a ƙara musu buhun gero da damina, a tsaya musu idan yaro ya kwanta asibiti. Yarinya mai tallar gyaɗa ko tsohuwa mai zogale, kada a tsananta mata ciniki. Kada baƙo ya ɗauki mota ya nufi ƙauyukan gabas ko wajen Tangaza da Gudu da kansa. Zai jefa kansa cikin haɗari, ya kuma jefa gidan da aka ga ya shiga. Kada a haɗa abinci da wani sharaɗi, na addini ko na siyasa. Wanda zamansa gajere ne, ba shi da amintaccen da ya sani, ya bi ta Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, ko ƙungiyar da ya ga aikinta da idonsa a asibiti. Maƙwabciyata 'yar Masar gida huɗu ta riƙe har suka bar ƙasar, kuma ta koyi gaisuwa sosai, ta san a tambayi gajiya da iyali da sanyi kafin a kai ga maganar da ta kawo mutum.

Jari yana da kyau, amma bayan ciki ya ɗauka. Idan ka ba gida mai yunwa kuɗin sana'a, abinci za su saya da shi, kuma ba su yi laifi ba. Sai an fita damina, gero ya shigo, sannan a tambayi matar gidan abin da ta iya: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, awara, fura, ɗinkin hula. A saya mata kayan aikin da buhun gyaɗa ko waken farko. Inda babu satar dabbobi kuma akwai abin kiwo, jar akuyarmu ta Sakkwato ba ta da na biyu: cikinta wata biyar ne, takan haifi tagwaye, kuma mace ce ke da iko da ita. A yi mata rigakafi kafin a kai ta. Mukan yi alkawari da matar cewa 'yar akuya mace ta farko za ta wuce gidan maƙwabciya, irin yadda Fulani ke ba da aron saniya tun kaka da kakanni.

Bana buhu goma sha takwas muka ajiye a ɗakin zaure, gero goma sha biyar, wake uku, na gida biyar. Mabuɗin yana hannun wata malamar Islamiyya, littafin yana hannuna. Ranar 1 ga Yuni za mu buɗe, ko an yi ruwan shuka ko ba a yi ba, kuma kafin ranar zan sake zagayawa wurin mai injin niƙa in ji ko akwai gidan da ya daina ganin yarinyarsu.